Harajin Magajin Gari

Kakar wasan bana da ƙafar hagu ta shigo mana. Tun da aka buɗe a farkon Nuwamba, lokacin da zafi yake kamawa a ƙasarmu, ƙungiyarmu ta besbol, Shirwa, ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Mun je gidan wasu an lallasa mu, sun zo gidanmu sun ƙara mana. Ban fasa zuwa ba. Tun da na gama sakandare ba ni da abin yi sai ɗaga tayoyi a garejin Baba da safe, da besbol da yamma. In Shirwa tana gida ina kan benci. In ta yi tafiya ina manne da waya.

Filinmu yana ƙarshen gari. Bayan wurin da masu jifa suke ɗumama hannu akwai shingen waya, bayan shingen ciyawa ce har gwiwa, sai magudanar ruwa. Can Magajin Gari yake zaune. Maciji ne mai ruwan ƙasa, siriri, tsawonsa ya kusa na mutum. Wasu sun ce ba ɗaya ba ne, sarautar gado ce. Ko ma dai yaya ne, duk ƙwallon da ta tsallake shingen nan tasa ce. Haraji muke cewa. Ba mai bin ta sai sanyi ya shigo. Yaron da bai iya ɗaura takalmi ba ma ya san wannan, shi ya sa ba wanda ya taɓa tunanin kafa allon gargaɗi.

Shun bai sani ba.

Shunpei sunansa, daga arewacin Japan, inda ƙanƙara take binne mota. An ɗauko shi ya yi mana jifa na kaka ɗaya. Kowace shekara ƙungiya tana raba baƙin 'yan wasa a gidajen magoya baya, bana mu muka samu Shun. Ɗakin yayata da ta yi aure aka ba shi. Ba ya jin harshenmu, ba mu jin nasa. Ranar da ya iso na koya masa magana guda: "Ba damuwa." Ya riƙe ta gam. In Baba ya ƙara masa nama, ba damuwa. In an tambaye shi ko ya ƙoshi, ba damuwa. Ranar da ƙofar a-kori-kura ta datse masa yatsa, ba damuwa.

Baba ya ce, "Brodie, mabuɗi ɗaya ka ba yaron nan, ga shi yana zura shi a kowace ƙofa."

Yana da halaye nasa. Ba ya shiga fili sai ya rusuna masa. In an gama atisaye, sauran suna neman giya mai sanyi, shi yana bi yana tsince ƙwallaye, yana goge su ɗaya bayan ɗaya. A wurinsu ba a barin ƙwallo ta kwana a ƙasa.

Ranar Asabar wasa biyu ne. Na farko gajere, zagaye bakwai, da tsakar rana. Shi ne karo na farko da aka ba Shun ya fara jifa. Ni na kawo shi a mota, don haka na riga kowa zuwa. Ina jingine da ƙarfe kusa da wurin ɗumama hannu, ina cin burodi da soseji. Tevita, mai cafke masa ƙwallo, ya koma ɗauko garkuwar fuskarsa. Shun yana jifan raga shi kaɗai. Ƙwallo ɗaya ta suɓuce masa, ta haye shinge.

Kafin in haɗiye lomar da ke bakina ya dafa ƙarfe ya tsallaka.

"Shun! Kai! Fito!"

Ya ɗaga min hannu. Yana tafe cikin ciyawa yana dubawa, kamar mai neman kuɗinsa a tsakar gida. Ya sunkuya, ya ɗauka. Ya ƙara gaba, ya sake sunkuyawa. Sai na ga ya yi tsalle guda, ƙarami, irin na wanda ya taka kwalta mai zafi. Ciyawar bayansa ta kaɗa. Amma akwai iska ranar, ko'ina ciyawa tana kaɗawa.

Ya dawo da ƙwallo uku: tasa, da tsofaffi biyu da rana ta cinye.

Na nuna ƙafarsa. "Me ya taɓa ka?"

Ya waiwaya ya nuna wata tsohuwar waya da ta leƙo daga gindin shinge. "Ba damuwa."

Doguwar safa ce a ƙafarsa, shuɗiya mai duhu, har gwiwa. Na sunkuya na duba. Ban ga komai ba.

Tevita ya dawo yana ɗaura garkuwar ƙirjinsa. Ƙato ne, iyayensa daga Tonga suka zo, dariyarsa tana riga shi isowa wuri.

Na ce, "Tevita, ya shiga gonar Magajin Gari."

"Wa? Shun?" Ya dubi ƙwallayen, ya fashe da dariya. "Har ya ƙwato haraji! Shekara nawa muna biya, sai baƙo ne zai yi mana tawaye."

"Ka duba ƙafarsa."

Tevita ya ɗaga wa Shun babban yatsa. "Lafiya, ƙanena?"

"Ba damuwa."

"To ka ji. Je ka zauna, Brodie. Wannan fuskar taka kaɗai ta isa a ci mu."

Lasifika ta fara kiran sunaye. Shun ya danƙa min tsofaffin ƙwallayen biyu da hannu biyu, kamar kyauta, ya rusuna, ya bi Tevita. Tafiyarsa daidai. Na tsaya ina kallon ƙafar har ya shige rumfa.

Baba ya sauya mana wurin zama. Shekara da shekaru a bayan rumfar 'yan wasanmu muke, amma ya ce bencin ne ya gaji, shi ya jawo mana wannan masifa. Muka koma ɗaya ɓangaren, inda rana take dukan ƙeya. Daga nan kana ganin cikin rumfarmu tar. Goggo Raelene ta biyo mu. Tsohuwa ce mai ƙatuwar hular kaba da ƙararrawar shanu, ta fi filin kansa tsufa.

Ta ce, "Col, in wannan bencin ma bai yi ba, kai za mu sauya."

Baba ya ce, "Ki fara da ƙararrawar nan. Tun da kika sayo ta ba mu ga alheri ba."

"Mijina ya bar min ita."

"Shi ma ai bai ga alheri ba."

Ta kwaɗa masa hula a kafaɗa.

Shun ya hau tudun jifa. Na farkon baƙin da ya fito da kulkin bugun ƙwallo ya kai duka uku, bai taɓa komai ba sai iska. Na biyu ya ɗaga ƙwallon sama kamar mai ba tsuntsu abinci, aka cafe. Na uku ya tsaya yana kallo har alƙalin wasa ya sallame shi. Ƙwallon tana fita daga hannun Shun a miƙe, sai ta zo gaban mutum ta nutse kamar ta faɗa rami. Ban taɓa ganin irin wannan a filinmu ba. Zagaye na biyu ma haka. Goggo Raelene tana ta kaɗa ƙararrawa.

Na ce wa kaina wayar shingen ce ta karce shi. Ai na ga wayar da idona.

Muna da kare da can, Biskit. Wata rana ya fito daga ciyawar bayan gareji, ya yi taku kaɗan, ya zube. Kafin mu isa gare shi ya miƙe, ya girgije, ya sha ruwa, har ya kawo min ƙwallonsa in jefa masa. Baba ya ce, "Ka gani? Zafi ne kawai." Na jefa masa. Ya yi gudu ya ɗauko. Na sake jefawa. Da muka sa shi a mota daga baya, bai kai wurin likitan dabbobi da rai ba. Likitan ya ce maciji ne, haka mai ruwan ƙasa yake: saransa ba ya zafi, sau da yawa ko tabo ba ka gani. Ya kayar da kai, ya bar ka ka tashi, ka ɗauka ka sha. Kuma duk motsin da ka yi, kai kake tura masa dafin.

A zagaye na uku Shun ya saki ƙwallo, ƙafarsa ta gaba ta lanƙwashe, ya durƙusa a kan tudu. Ya dafa ƙasa da hannu biyu. Kansa a sunkuye. Tevita ya miƙe zai zo. Sai Shun ya tashi, ya karkaɗe wandonsa, ya shuri ƙasar wurin kamar ita ce ta zame da shi. Ya ɗaga yatsa. Jama'a suka tafa.

Na dubi Baba. Bai dube ni ba. Bai san zancen shingen ba tukuna.

Shun ya kori mutum na uku, ya sauka.

Da Shun ya gama jifan zagaye na huɗu, filin ya sauya. A allo akwai gurbin da ake rubuta yawan bugun da ya kai mutum zango lafiya. A layin baƙi sifili ne. In mai jifa ya yi nisa haka ba wanda ya samu bugu a kansa, ba a faɗa. Ba a nunawa. Ko mai lasifika ba ya ambata. Wanda ya furta shi ya karya, kambun baka ne, kuma ba za a manta masa ba har ya mutu. 'Yan wasa kuma ba mai yi wa mai jifan magana. Ba mai zama kusa da shi, ba mai haɗa ido da shi. A bar shi da abinsa.

Goggo Raelene ta cusa hankici cikin ƙararrawarta.

Na karɓi tabaron hangen nesa na Baba, na duba rumfa. Duk sun matsa gefe guda sun cunkushe, suna kallon fili kamar an ɗaure musu wuya. Koci Wal ya ba shi baya. Mai duba lafiyar 'yan wasa ma yana can cikinsu yana tauna cingam. A ɗaya ƙarshen, Shun shi kaɗai. Ya jingina kai da bango. Ya matse goshinsa da yatsu. Ya ɗauki farin tawul ya goge baki, ya duba, ya ninke shi da sauri ya zauna a kai.

Na ga abin da ya ninke.

"Baba. Shun..."

"Rufe min baki."

"Ba wannan ba ne."

Goggo Raelene ta ce, "Ɗan nan, in ka faɗa, wallahi hular nan zan cusa maka har maƙogwaro."

"Ya tsallake shinge kafin a fara. Ya shiga ciyawa. Wani abu ya taɓa shi a ƙafa."

Baba ya juyo a hankali. "Ka ga an sare shi?"

"Ban gani ba."

"To ba ka gani ba."

"Akwai jini a tawul ɗinsa."

"Haɓo ne. Bai saba da zafinmu ba."

"Daga baki ne, Baba. Kuma ka ga faɗuwar da ya yi." Na miƙa masa tabaron. "Biskit ma ba mu gani ba."

Ya karɓi tabaron. Ya daɗe yana dubawa. Ya sauke, ya dubi allo.

Ban jira shi ba.

Sai ka zagaya bayan benayen 'yan kallo kafin ka kai rumfarmu. Ina gudu ina kiran lambar gaggawa. Mace ce ta ɗauka. Na faɗa mata wuri, na faɗa mata abin da nake zato.

Ta ce, "Motar asibiti tana tafe. Ka saurare ni da kyau. Kar ya motsa. Ko taku ɗaya kar ya yi. Kar a wanke wurin. A naɗe ƙafar da bandeji sosai, daga yatsu har cinya, a ɗaure ta da wani abu miƙaƙƙe. Yanzu a kwance yake?"

Na ji jama'a sun yi guntun tsaki gaba ɗaya. An kori masu kulkinmu su uku a jere, kamar kullum. Ko hutun kirki ba su ba shi ba.

Na ce, "A'a. Jifa zai yi."

"Jifan me?"

Na sa wayar a aljihu.

Duane ne a ƙofar rumfa, mai gadi, ƙirjinsa kamar firji. Muna sayar masa da taya.

"Ina zuwa, ɗan Col?"

"Koci Wal nake nema."

"Bayan wasa."

Na leƙa ta ragar ƙarfe. Shun ya riga ya kai tudu. Kiɗa yana tashi a lasifika.

"Koci! Koci Wal! Shun..."

Sunan kawai suka ji. Benci duka ya juyo, kowa da yatsa a leɓe. Wani ya toshe kunnuwa yana waƙa da ƙarfi. Wani ya jefe ni da kofin roba. Koci Wal ko waiwaye bai yi ba, hannu kawai ya ɗaga.

"Ku saurara! Ba abin da kuke zato ba ne!"

Duane ya shaƙo wuyan rigata ta baya. "Kai, ka san tun yaushe muke jiran rana irin ta yau? Ka zo ka yi mana baki? Ubanka ya san kana nan?"

"Sake ni, Duane, ƙafarsa..."

"Shhh!"

Kiɗa ya tsaya. Shun ya ɗaga ƙafar nan sama, ƙafar da na duba ban ga komai ba, ya dira ta da ƙarfi, ya saki ƙwallo. Jama'a suka yi ihu. Ya sake ɗagawa. Ya sake dirawa. Kowace dira a cikina nake jin ta. Mai kulkin ya kai duka ya rasa, ya juya yana zagin kulkinsa. Filin ya ɗauka.

Shun ya tsaya ya dafa gwiwa. Tevita ya tsuguna yana nuna masa alama da yatsu. Shun ya kafa ido, ya lumshe, ya buɗe, ya miƙa wuya gaba kamar tsoho yana neman ramin allura. Ba ya ganin yatsun.

Na cika ƙirjina da iska.

"MACIJI!"

A garin nan ba maganar da ta fi wannan ƙarfi. Benci duka ya ɗage ƙafafu. Koci Wal ya haye kan matakala. Duane ya sake ni ya yi tsalle ya dira kan akwatin ƙanƙara yana leƙen ƙasa. "Ina? Ina yake?" Kowa ƙafarsa yake dubawa. Ba wanda ya dubi Shun.

Na tsallake ƙarfe na faɗa fili.

Ban san filin yana da faɗi haka ba. Alƙalin wasa ya ɗaga hannuwa biyu. Sai ihu ya taso daga benaye, ba na murna ba. Na ji sunana, na ji sunan Baba, na ji abin da ba zan maimaita ba. Mutanen da na girma a gabansu.

Na isa tudu. "Shun. Zauna. Zauna ƙasa."

Ya dube ni kamar na shigo masa banɗaki. Gumi ya jiƙe shi sharkaf, fuskarsa ta yi fari fat. Ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Ba damuwa."

Haƙoransa ja ne.

"Akwai. Shun, akwai damuwa."

Bai san kalmar ba. Ban koya masa ba. Ya ja da baya taku ɗaya yana kore ni da safar hannunsa, ya ƙara wani takun. Ina jin Duane yana tahowa a guje. Na zube ƙasa na rungume ƙafar, na manna ta a ƙirjina, na ja safar ƙasa. A jiƙe take, da ɗumi. Launinta ne ya ɓoye. A bayan ƙaurinsa kwarzane biyu ne ƙanana, kamar na ƙaya. Jini yana fita siriri, tsararo kamar ruwan shayi, ba ya tsayawa. Ya riga ya cika takalmin.

Tevita ne ya fara isowa, ya yar da garkuwar fuska, hannunsa a dunƙule. "Brodie, yau sai na karya maka..." Ya ga ƙafar. Hannun ya saki. "Ya Ubangiji."

"Kar ya taka. Ka kwantar da shi."

Ya ɗauke shi cak kamar jariri, ya shimfiɗa shi a kan tudu, ya ɗora masa hannu a ƙirji. Ya juya wajen rumfa ya kwarma ihu. "Bandeji! Duk wanda kuke da shi! Da kulki guda!"

Shun ya fara kokawa. Yana nuna allo, yana nuna ƙwallon da ke hannunsa, yana zuba magana da harshensu. Tun da ya zo gidanmu ban ji ya yi magana mai yawa haka ba. Yana turjewa, ƙafar tana motsi a hannuna.

"Dube ni. Shun, dube ni."

Na lanƙwasa hannuna, na kaɗa shi kamar mai tafiya cikin ciyawa, na sari ƙaurina da yatsu biyu. Na nuna shinge. Na nuna bakinsa. Sai na miƙe hannuwana a jikina na sandare.

Ya dubi shingen. Ya dube ni. Na ga lokacin da ya gane. Jikinsa ya saki gaba ɗaya, sai idanun. Gara min lokacin da yake cewa ba damuwa.

Mai duba lafiya ya iso yana naɗi. Koci Wal ya kwance ɗamararsa suka ɗaure ƙafar a jikin kulki. Yana ta cewa, "Ina kusa da shi. Ina nan kusa da shi, ban duba ba." Baba ya sauko fili, ban san ta ina ba. Goggo Raelene ta biyo shi tana haki, ta cire hular kabarta ta yi wa Shun inuwa a fuska.

Ta ce, "Kwanta abinka, ɗana. Kar ka kula su, duk jakuna ne. Har da ni."

Benaye sun yi tsit. Ba irin shirun ɗazu ba ne. Daga nesa muka fara jin jiniya.

A asibiti suka ɗaura masa ruwa da maganin dafi. Likitar doguwa ce mai furfura, ba ta da kwana-kwana. Ta same mu a baranda ni da Baba.

"Maganin zai tare dafin da ya rage. Amma wanda ya riga ya shiga ya cinye abin da yake sa jini ya daskare. Sai jikinsa ya sake haɗa wani da kansa. Kafin nan, in jini ya ɓalle a ciki, musamman a kai, ba abin da zai tsayar da shi." Ta dube ni. "An ce gudu yake yi bayan saran?"

"Jifa."

"Har tsawon wane lokaci?"

Na faɗa mata. Ta gyara tabaronta.

"Za mu riƙa ɗibar jininsa muna gwadawa. Sai mu jira."

Kafin rana ta faɗi 'yan wasa suka iso, wasu ko kaya ba su sauya ba. An ƙarasa wasan ba shi, aka fasa na biyun. Mutum na farko da ya fuskanci wanda ya maye gurbinsa ya buga ƙwallon har bayan shinge. An ci mu. Ba wanda ya damu ya faɗi da nawa.

Suka jeru a kujerun baranda. Baba yana can ƙarshe, hular Shirwa a gwiwarsa. An ce mutum ɗaya zai iya shiga ya zauna da shi. Ba wanda ya tashi. Ba wanda ya ce zai warke. Ba wanda ya ambaci sunansa. Wani matashi ya fara cewa, "Ai tun da an ba shi magani..." sai Tevita ya taka masa ƙafa. Kowa yana kallon bango, kamar an ɗaure masa wuya.

Na dube su. Abin nan na fili suke sake yi.

Na tura ƙofa na shiga.

Yana kwance shi kaɗai, ƙafar a naɗe, robobi a hannu. Inda aka soka allura auduga ta yi ja. Idanunsa suna kan silin. Na jawo kujera har ta taɓa gadon. Tsofaffin ƙwallayen nan suna aljihuna tun rana. Na sa masa ɗaya a tafin hannu, ya damƙe.

Ni ba mai magana ba ne. Amma na yi. Na ba shi labarin yadda ake gane taya ta mutu. Na faɗa masa wanda ya fi kowa rowa a garejinmu, da yadda Goggo Raelene ta taɓa korar alƙalin wasa har wurin ajiye motoci. Ba ya jin ko ɗaya. In na yi shiru sai ya juyo da ido, sai in ci gaba.

Na taɓa hannuna, na murmusa. "Ba damuwa." Na tsunkuli kaina, na ɓata fuska. "Akwai." Na maimaita. "Akwai."

Ya motsa leɓe. Ya ɗaga yatsa a hankali ya taɓa gefen kansa.

"Akwai."

Na danna ƙararrawar kiran nas ban ɗaga yatsa ba har suka shigo. Suka tura gadon suka fita da shi ɗaukar hoton kai. Ƙwallon ta faɗo ta gangara ƙarƙashin kabad. Na zauna a ɗakin da ba gado, ina kallon sawun tayoyinsa a ƙasa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan zaman ba, har gudun da na yi a fili.

Suka dawo da shi. Nas ta ce ba jini a kan, ciwon kai ne na dafi. Ta ce gara da ya faɗa. Na zaro ƙwallon na mayar masa, na ci gaba da zancen tayoyi.

Gari ya waye ina kan kujerar. Likitar ta shigo, ta ɗaga audugar hannunsa ta duba. Wurin ya bushe, ya yi ɗan ɓawo baƙi.

Ta ce, "Ya fara daskarewa. Da saura, amma ya juyo."

Na fita baranda. 'Yan wasa sun tafi, sai Tevita yana minshari a ƙasa, da Baba a inda na bar shi. Bai yi barci ba.

"Baba, likita ta ce zai..."

Hannunsa ya tashi da kansa, zai tare ni. Ya dubi hannun. Ya sauke shi a kan hula.

"Faɗa, Brodie. Faɗa da ƙarfi."

"Zai tashi."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya nufi ƙofar ɗakin. "To matsa. Ka ishe shi da surutu, bari ya ji wata muryar."

Ranar Litinin ƙungiya ta kawo injin yankan ciyawa. Suka aske bayan shingen tas har bakin magudana. Sun tara ƙwallaye buhu guda. Ba su ga Magajin Gari ba.

Da can mun san inda yake.